Ɗaukaka Ƙara Ba Raina Alƙali Ba Ne

Ran 22 ga Maris, 2000, aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a asibitin Talata Mafara saboda satar saniya, wata biyu bai cika ba da fara aiki da dokar haddi a Jihar Zamfara zamanin Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura. Mutumin bai ɗaukaka ƙara ba. Ba wanda ke cewa sata abin wasa ce, musamman ga talakan da saniya ɗaya ce duk jarinsa. Abin dubawa shi ne, an zartar da hukuncin da ba ya gyaruwa alhali idon alƙali na biyu bai hau kansa ba.

Har yanzu a ƙauyuka irin su Garbadu mutane da yawa na ɗaukar ɗaukaka ƙara tamkar tsaurin ido ne ga alƙali, ko ma jayayya da shari'ar Allah. Wannan kuskure ne. Gaskiya ne haddi ba a rage shi, amma malaman Malikiyya sun gindaya masa sharuɗɗa: abin da aka sata ya kai nisabi, watau rubu'in dinari, a ɗauke shi daga ma'ajiyarsa, kuma kada a sami shubuha. In ɗaya ya faɗi, haddi ya faɗi, sai ta'aziri. Wa zai duba ko sharuɗɗan sun cika in ba kotun sama ba? Safiya Husaini, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa jifa a 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Sakkwato ce ta sallame ta a Maris 2002, da hujjojin shari'ar kanta.

Wajen miyagun ƙwayoyi kuwa, ƙasar nan ta ga abin da rufe ƙofar ke jawowa. Ran 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape a Kirikiri ta Ikko bisa Dokar Soja ta 20 ta 1984, dokar da aka mayar da aikinta baya ta hau laifin da ya riga ta, kuma ba kotun da za a kai kuka. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta mayar da hukuncin ɗauri. Gyara ya zo, amma bai tarar da mutanen uku ba.

Tun da aka kafa hukumar NDLEA a 1989, dokarta tana da tsanani, har ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hodar ibilis, kuma haka ya kamata. Sai dai saurayin da aka kama yana sayar da 'yan ƙwayoyin tiramol a tasha, ga kuma tuhumar satar waya, ba ɗaya yake da mai shigo da kaya kwantena guda ba. Yana iya amsa laifinsa, ya kuma roƙi kotun sama ta duba nauyin hukuncin kaɗai: shin karon farko ne, shin an lissafa watannin da ya yi a tsare, shin ɗaurin biyu tare za su tafi ko ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar ita ce hanya. Shari'ar ƙwaya a Babbar Kotun Tarayya ta Gusau ake yin ta, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara a Sakkwato, kuma kwana 90 doka ta bayar. Uban da ke noma a Garbadu, ko Bakura, ko Maradun, kafin ya sayar da hatsi ya nemo lauya, wa'adi ya wuce.

Saboda haka ya kamata kowane alƙali ya faɗa wa wanda ya ɗaure, da Hausa kuma a bainar jama'a, kwana nawa ke gare shi da kotun da zai nufa. Hukumar ba talakawa lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, ta riƙa aika ma'aikacinta Talata Mafara ran kasuwa, Gwamnatin Jiha kuma ta ɗauki kuɗin kwafe takardun shari'a ga wanda ba shi da hali.