Wa Ya Ba Rabi Baki?

A shekarar 2007 gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta cinna wa littattafan soyayya wuta a bainar jama'a, wai suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. Wasu manazarta kuwa tuni suka raɗa musu suna "adabin kasuwar Kano", sunan da raini ke leƙowa ta cikinsa. Ni ban yarda da hukuncin ko ɗaya ba.

A dubi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda Zariyar nan ta haifa. Zainabu ce musabbabin rikici, amma labarin na Abubakar ne da Malam Shehu; ita tamkar kadara ce da mai kuɗi ya ƙwace wa talaka. Sai da mata suka ɗauki alƙalami matar aure ta sami baki. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙonsu. Wace unguwa ce, daga Tudun Wada zuwa Dutsen Abba, babu irin Rabi a cikinta? Marubuciyar kanta an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama. Ba jita-jita ta rubuta ba.

Inda nake ja da littafin shi ne ƙarshensa. Da gobara ta lashe dukiyar Alhaji, sai aka taru aka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta, ba wanda ya tambayi wa zai biya ta wahalar da ta sha.