Ba a Sayen Kwaɗo a Gwanjo

Duk wanda ya tashi a Rigasa ya san darajar gwanjo. Rigar sanyinmu daga Kasuwar Barci take, wayar hannunmu ta gama yi wa wani Bature hidima kafin ta iso mana, motar da ke ɗaukar mu daga Bakin Ruwa zuwa Kasuwa kuwa 'yar Kwatano ce. Ban ga abin kunya a nan ba. Rashi ya koya mana duba kaya: a ɗaga riga a rana a nemi huda, a kunna waya a ga ƙarfin batir, a kira bakanike ya saurari kukan inji. Dukan wannan hikima a kan ƙa'ida ɗaya ta tsaya, wato aibin kaya yana bayyana ga mai ido. To, ga wani kaya ya shigo hannun matasanmu wanda ya karya wannan ƙa'ida, mu kuwa muna cinikinsa kamar yadda muke cinikin takalmi.

Ina nufin 'yar na'urar nan ta ajiyar kuɗin kirifto, mai kama da filas ɗin kwamfuta, wadda zan kira lalita a wannan rubutu. Fitattun masu ƙera ta su ne kamfanin Ledger na Faransa da masu Trezor na ƙasar Cek. Dalilin da ya sa tsarata ke neman ta ba ɓoyayye ba ne. A 2024, lokacin Notcoin da Hamster Kombat, da wuya ka wuce majalisa a Hayin Malam Bello ba ka ga samari sun duƙufa suna dannar waya ba. Akasari sun tashi a tutar babu, amma wasu sun zarce, sun koyi sayen Bitcoin da USDT, sun fara tara ɗan abin da suka samu. Sun ga yadda kasuwar FTX ta durƙushe a 2022 da dukiyar jama'a, sun ga Binance ta daina hulɗa da naira a watan Maris na 2024, sun ga CBEX ta yi sama da faɗi da kuɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2025. Sai suka ce gara mutum ya riƙe makullinsa da kansa. Wannan shawara daidai ce, ban da ja a kanta. Rigimata da inda ake sayo makullin take.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abu guda, domin a kansa maganar ta rataya. Babu ko sisi a cikin lalitar. Kuɗin yana rubuce a wani babban kundi da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa a faɗin duniya. Abin da lalita ke ɓoyewa shi ne mabuɗin da ke ba da izinin motsa kuɗin. Ranar da aka fara kunna ta, takan zaɓo kalmomin Turanci, galibi 12 ko 24, daga wani jeri mai kalma 2048, ta nuna wa mai ita a fuskarta domin ya rubuta a takarda ya adana. Waɗannan kalmomi su ne dukiyar baki ɗaya. Wanda ya san su ba ya bukatar na'urarka, ba ya bukatar lambar sirrinka, ba ya bukatar sanin ko a wace nahiya kake. Daga ɗakinsa zai kwashe komai cikin minti biyu. Ashe ke nan lalita kwaɗo ce. Kwaɗon da aka yanka wa makulli na biyu kafin a sayar maka kuwa yana kulluwa sumul, yana buɗuwa sumul. Gwada shi sau ɗari, ba za ka ga aibi ba, domin aibin yana aljihun wani.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A farkon 2018 wani mutum a Birtaniya ya sayi Ledger a kasuwar intanet ta eBay, ya tarar da kati a kwalin, an riga an buga kalmomi 24 an lulluɓe su da irin azurfar da ake kankarewa a katin waya. Ya ɗauka haka kamfani ke yi. Ya zuba ajiyarsa ta kusan fam 25,000, aka share ta. Wannan ma aikin ƙananan ɓarayi ne. A 2023 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya bayyana binciken da ya yi a kan wata Trezor da aka saya a shafin tallar kaya. Kwali daidai, tambari daidai, aiki daidai. Sai da aka fasa ta aka ga an cire ƙwaƙwalwarta an dasa wata, wadda maimakon ta ƙirƙiro sababbin kalmomi, sai ta ɗauko ɗaya daga cikin jeri ashirin da ɓarayin suka tanada tun da fari. Mai ita ya yi asarar Bitcoin 1.33. Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin shi ne haƙurin ɓarayin: sai da suka bar shi kusan wata guda bayan ya fara zuba kuɗi kafin su taɓa. A 2025 kuma masu bincike na SlowMist suka ba da labarin wani da ya sayi lalita da rangwame a manhajar Douyin ta ƙasar Sin, ya rasa abin da ya haura dala miliyan 6.

In haka ta faru da mutanen da ke karanta takardar bayani da harshen uwa, ina ga mu da muka mai da "haɗa mini" ɗabi'a? Mu ne masu sayen waya mu miƙa wa mai shago mu ce ya buɗe mana imel da Facebook, ya zaɓa mana kalmar sirri, ya rubuta a bayan rasit. Mu ne masu faɗa wa mai POS lambar katinmu da baki, a gaban layi. Wannan ɗabi'a muka kwaso muka kawo harkar kirifto. Yaro ya tara kuɗin shekara guda, ya je wurin wanda ya koya masa harkar, ya ce, "Yaya, ka san ban iya Turancin nan ba, ka haɗa mini kawai." Yayan ya karɓa, ya kunna, ya rubuta kalmomin da hannunsa, ya ce, "Ƙanena, ka ɓoye takardar nan, ko matarka kada ta gani." An gargaɗe shi a kan matarsa, alhali wanda ya yi gargaɗin ya riga ya karanta takardar daga farko har ƙarshe.

Da waɗannan jagorori na zaurukan Telegram da WhatsApp nake faɗa, kuma da yawansu irina ne, masu digiri da ba su sami aikin ofis ba. Da safe suna wa'azin kada ka amince wa kowa da mabuɗinka, da yamma suna tallar lalita "sabuwa fil a leda" a farashin da ya gaza na kamfanin da ya ƙera ta. Ya aka yi kaya ya tsallako teku, aka biya kuɗin jirgi da na kwastan, dillali ya ɗora ribarsa, sannan ya fi araha a Kaduna a kan Faris? Wanda bai iya amsa wannan ba bai cancanci a kira shi malami a harkar ba.

Za a ce mini ai ɗan unguwa ne, masallacinmu ɗaya, an san gidan ubansa. Na yarda, kuma ban ce ɓarawo ne ba. Amma shi ma saro kayan ya yi, daga wani a Kwamfuta Bilej ta Ikeja, wanda ya saro daga wani a Dubai, wanda ya saro daga wanda ba wanda ya san fuskarsa. Amanar mutumin ƙarshe ba ta wanke hannayen da kayan ya ratsa kafin ya iso gare shi. Alkawarin "in ta ba da matsala ka dawo da ita" ma ba shi da ma'ana a nan, tunda matsalar da za ta bayar ita ce tafiyar kuɗin, kuɗin kirifto kuwa in ya tafi ba ya dawowa. A banki, kowane irin takaici kake da shi, akwai manajan da za ka tsare, akwai hukumar NDIC da ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 a 2024. A nan babu ofishin da za ka kai kuka.

Hujja mafi ƙarfi da abokan jayayyata ke da ita ita ce tsada da wahala, kuma ba zan raina ta ba. Lalita mafi arha, in an haɗa da kuɗin aikowa, ta fi alawus ɗin wata na mai yi wa ƙasa hidima. An yi shekaru katin naira ba ya sayayya a waje. Sayen kai-tsaye ma yana da nasa haɗarin: a 2020 an yi wa Ledger kutse, sunaye da adireshi da lambobin waya na masu sayayya kimanin 270,000 suka fita fili, har a 2021 aka riƙa aika wa wasunsu jabun na'urori da wasiƙar ƙarya cewa kamfani ne ya musanya musu. A jihar da ta san zafin masu garkuwa da mutane, ba ƙaramin abu ba ne sunanka da layin gidanku su shiga irin wannan jeri. Sai dai maganin wannan a sarari yake: a karɓi saƙo a ofishin kamfanin aika kaya maimakon ƙofar gida, a kuma kama baki. Maganin kwaɗon da aka yanka wa makulli kuwa babu shi.

Mu mutanen Rigasa mun san 'yan bayan fage. Tun da jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki a 2016 muka saba jin kukan fasinjoji a kan masu ɓoye tikiti su sayar ninki, har aka shigo da sayarwa ta intanet a 2021. Amma ko ɗan bayan fagen tasha ya fi dillalin lalita sauƙin illa, domin tikitinsa a bakin ƙofa ake gane ingancinsa, asarar kuma ba ta wuce kuɗin tafiya ɗaya ba.

Abin da nake nema kaɗan ne. A saya daga kamfanin da ya ƙera, ko daga wakilin da sunansa ke shafin kamfanin. In an buɗe kwali an ga kalmomi a rubuce, ko lambar sirri a shirye, a ajiye ta. Trezor ta gaskiya ba ta zuwa da manhaja a ciki, mai ita ne ke ɗora ta a karon farko. Ledger kuma tana da gwajin inganci a manhajar kamfanin. Mutum ya kunna abarsa shi kaɗai, ya kwafi kalmomin harafi bayan harafi, ko da bai san ma'anar ko ɗaya ba. Wanda abin da ya tara bai kai ya ɗauki wannan ɗawainiya ba, ya haƙura da lalitar tukuna. Sananniyar manhaja a waya mai tsabta ta fi masa na'urar da bai san asalinta ba, domin aƙalla zai zauna cikin shiri, ba zai saki jiki ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta shiga lissafin masu bincike na ƙasashen waje, ita ce ta fi damuna. Tunda ɓarawon yana iya jiran wata guda, ranar da kuɗin ya ɓace ba wanda zai tuna da dillali. Mai lalita zai duba ya ga na'urarsa tana nan a ƙasan akwati, takardar kalmominsa tana nan inda ya ɓoye. Sai ya fara lissafin waɗanda ke shiga ɗakin: ƙanin da ke kwana tare da shi, abokin da ya taɓa aron caja, amaryar da ta share ƙarƙashin gado a makon jiya. A gidan haya na Rigasa, inda ƙofa takwas ke kallon tsakar gida ɗaya, wannan zargi ya isa a kai ga rantsuwa da Alƙur'ani a gaban mai unguwa, dillalin kuwa yana can zaurensa yana sanar da cewa sabon kaya ya iso.