Waiwaye: Hukuncin da ya zo bayan jirgi ya tashi

A watan Janairun 2018 jami'an tsaron Najeriya suka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin Kamaru mai magana da Ingilishi, tare da abokansa a otal ɗin Nera da ke Abuja. Kafin watan ya ƙare an miƙa mutum 47 ga gwamnatin Yawunde, cikinsu har da masu takardar gudun hijira da masu jiran amsar neman mafaka. Ba alƙalin da ya ji ta bakinsu.

Sai ranar 1 ga Maris 2019 Mai shari'a Anwuli Chikere ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa korar haramtacciya ce, a dawo da su, a biya su diyya. Hukunci ya yi kyau, amma ihu ne bayan hari. Ba a dawo da su ba. A watan Agustan shekarar kotun soji a Yawunde ta yi wa Ayuk Tabe da wasu tara ɗaurin rai da rai. Ba ruwana da siyasarsu. Abin da ya dame ni shi ne an zartar kafin a saurara.

Mu mutanen unguwar New Bell ta Duwala a Kamaru, maganar nan tamu ce. Tun rikicin Bangui na 2013 da 2014 'yan'uwa Musulmi daga Afirka ta Tsakiya suke zaune cikinmu a Duwala, muna sahu ɗaya a masallaci, 'ya'yanmu na makarantar allo ɗaya. Dokar 'yan gudun hijira ta Kamaru ta 2005 ta kafa kwamiti biyu, na tantancewa da na ɗaukaka ƙara, sannan ta ce ba a kai hukuncinsu gaban kotunan yau da kullum. A ganina wannan tauye haƙƙi ne. Mutumin da ya ba da labarin yadda aka ƙone gidansa cikin harshen Sango ko Fulatanci, tafinta ya mayar Faransanci, in aka yi kuskure a fassara, wa zai duba? Ya cancanci a faɗa masa dalilin ƙin karɓarsa a rubuce, a ba shi lokaci da lauya, kuma kada a taɓa shi sai alƙali ya gama dubawa.

Limamanmu da masu unguwanni, in baƙonku ya karɓi takardar ƙi, ku nemo masa mai karatu a ranar, ku raka shi wurin lauya, domin wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne.