Ina Za A Kwantar Da Su?

Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, ta lashe rayuka sama da 150. Waɗanda suka ƙone aka yi ta jigilarsu zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, waɗanda ba a gina su don irin wannan rana ba.

Lallai ne mahukuntan kowane asibiti su rubuta tun yau: wane ɗaki za a kwashe, waɗanne majinyata za a sallama, a wane fili za a ware masu tsananin rauni. Abin kunya ne mutum yana kwance a ƙasa ana neman mai riƙe da makulli.

'Yan uwa matasa kuwa, in sun sauke mai rauni, to su bar baranda ga ma'aikata, su nufi wajen ba da jini.