MAI BINDIGA SHI KAƊAI A DAJI: JARUMI NE KO MAI GANGANCI?

Yau ina neman afuwarku, zan ɗan jingine maganar littattafai na taɓo wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun lokacin da na je gida Tambuwal hutun Sallah. Koda yake in an bi ta barauniyar hanya, za a ga maganar ba ta rabu da littattafan namu ba.

Abin da ya faru shi ne, washegarin Sallah da asuba, bayan mun fito masallaci, sai na hangi ɗan yayana, saurayi ne da bai wuce shekara 22 ba, ya naɗe wani dogon abu cikin buhu ya ɗaure a bayan babur. Na ce masa ina zuwa da sanyin safiyar nan? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, bayan gari zan je in gwada hannuna." Da na matsa masa sai ya buɗe buhun, ashe bindigar toka ce sabuwa fil, wadda ya yi tarin kuɗin albasarsa ya saya wurin wani maƙeri. Wata uku ke nan yana zuwa wani kwari shi kaɗai, ya kafa gwangwani a kan kututture ya yi ta harbi, ba wanda ya koya masa, ba kuma wanda ya san inda yake zuwa.

Ban ga laifinsa ba a kan son mallakar makami. Duk wanda ke da dangi a ƙasar Kebbe, wajen su Kuchi da Girkau da Sangi da Ungushi, inda dajinmu ya haɗu da na Zamfara da na jihar Kebbi, ya san irin barcin da mutane ke yi da ido ɗaya a 'yan shekarun nan saboda ɓarayin daji. Abin da na ga laifinsa a kai shi ne kaɗaicin. Kuma ra'ayina ke nan da zan kare a wannan rubutu: wanda bai ƙware ba, bai kamata ya ɗauki bindiga ya fita harbi shi kaɗai ba, ko na gwaji ko na farauta. Wanda ma ya ƙware, zamanin da muke ciki ya rage masa wannan 'yanci.

Da na tambayi yaron dalilinsa, ya ba ni guda uku, kuma gaskiya ba na banza ba ne. Na farko, ya ce in yana tare da abokai sai ya ji hannunsa na rawa, don ya san in ya kuskure gwangwanin za a yi mako ana yi masa dariya a majalisa. Na biyu, ya ce albarushi da tsada, in aka tafi da abokai kowa sai ya ce a ba shi ya ɗana. Na uku, ya ce ba ya son a san yana da bindiga, domin a yanzu ba ka san wanda ke kai rahoto daji ba. Ni kuma zan ƙara masa na huɗu, wanda kowane maharbi ya sani: naman daji yana da kunne da hanci. Gada ko fakara ba za ta tsaya jiran mutum goma masu surutu ba. Shi ya sa tun asali Bahaushe ya raba maharbi, mai sanɗa shi kaɗai, da 'yan farautar gayya masu karnuka da kiɗa da gora, waɗanda ke fita da rani bayan an kawar da amfanin gona.

To amma mu dubi ita kanta bindigar da ake magana a kai. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a cusa tsumma a danna da sanda, a zuba 'yan ƙarafuna, a sake dannawa. Bututunta sau da yawa ƙarfen famfo ne ko wani ƙarfen mota da maƙeri ya sarrafa, babu wani kamfani da ya auna irin ƙarfin da zai iya ɗauka. Ma'aunin albarushin kuma tafin hannu ne da ido. In ka zarce ma'auni, ko ka manta ka ɗura sau biyu, ko ƙasa ta toshe bakin, bututun ne zai fashe a hannunka na hagu, dab da fuskarka. Wani lokaci kuma ka ja kunama ta ƙi tashi saboda raɓa, sabon shiga ya juyo ta yana leƙe, sai a lokacin ta tashi. Duk waɗannan abubuwa ne da ba ka koyonsu daga gwangwani. Sai wanda ya taɓa gani ya tsaya a bayanka ya ce, kai, ajiye ta, kada ka leƙa.

Kuma a ce ta fashe ɗin. Mutumin da babbar jijiyar jini ta tsinke masa a hannu ko a cinya, 'yan mintoci kaɗan yake da su. In da mutum a kusa, zai yage rawani ya ɗaure sama da raunin, ya ɗora shi a babur. In babu fa? Daga Tambuwal zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato kusan kilomita 100 ne, ballantana daga ƙauyukan Kebbe, ballantana daga wani kwari da ko mahaifiyarka ba ta san kana can ba. Haka zancen yake ga saran maciji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da ya fashe.

Da yamma na ɗauki yaron muka tafi wurin kawuna, tsohon maharbi ne da ya haura shekara 70, yatsunsa biyu na hagu babu. Na yi zaton zai goyi bayana kai tsaye, sai ya ba ni mamaki. Ya ce shi kam mafi yawan naman da ya kawo gida a rayuwarsa shi kaɗai ya harbo shi. Yaron ya fara murmushi. Sai Kawu ya juya gare shi ya ce, "Kai ɗana, dakata. Ni da kaka gani, shekara goma sha biyu niy yi ina ɗaukar ma wani jikka da gora kahin a bar ni in shiga daji ni ɗai. Kai wa kab bi?" Ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku ya ce ranar da abin ya faru, ba don ƙanen maigidansa na bayansa ba, da kuraye ne za su ba da labari. Murmushin yaron ya ɓace.

Wannan ita ce maganar. Kaɗaicin tsohon maharbi digiri ne da aka ba shi bayan doguwar makaranta. Kaɗaicin yaranmu na yau kuwa gudun makarantar ne. A tsarinmu na gargajiya akwai sarkin baka ko sarkin dawa, shi ke sanin wa ya shiga daji, ta ina ya shiga, yaushe ya kamata ya fito. In rana ta faɗi ba a gan ka ba, za a bi sawu. Ko mai tafiya shi kaɗai a wancan lokaci, da jama'a a bayansa.

A nan ne littattafanmu suka shigo. Tun daga Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, har zuwa littattafan yaƙi da muka yi ta haya muna karantawa a ɓoye cikin aji, jarumin da muka fi so shi ne wanda ke kutsawa cikin dubu shi kaɗai ya fito ba ƙwarzane. Daɗin karatu ne, ni ma na sha. Amma tarihin ƙasarmu ba haka ya nuna ba. A yaƙin Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki da sulke irin na Gobirawa, abin da suke da shi maharba baka ne da suka tsaya wuri guda a ƙarƙashin jagoranci guda. Ita kanta Tambuwal, ai Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna cikinta ne a matsayin ribaɗi, wato wurin da jama'a ke taruwa su tsare iyaka tare. Addininmu ma haka ya koyar. Ya zo a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wasu mutane suna gasar harbin kibiya a tare ya ƙarfafa musu guiwa, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya umarci mai wucewa da kibau cikin kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu, ya kuma nuna rashin dacewar tafiyar dare mutum shi kaɗai.

Sai dai kada wani ya ɗauka cewa nake yi duk taro alheri ne. Wallahi akwai taron da gara kaɗaici da shi. Duk mun san farautar da samari ke fita a mota cike, an sha ƙwaya, ana kirari, a cinna wa daji wuta saboda gafiya guda, a tattake rogon mutane, a dawo da rotse saboda rigimar karen wa ya fara kama zomo. A irin wannan taro ne ake gwajin maganin bindiga, a ce wane ya ci ya sha, harba mu gani, a wayi gari ana jana'iza. Kuma ba mu kaɗai ba. A watan Fabrairu na 2006, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dick Cheney, ya harbi abokin farautarsa a fuska da ƙirji bisa kuskure a jihar Texas, ga dogarai ga likitoci a kusa. Taro ba ya hana kuskure. Abin da taro ya yi wa wannan dattijo shi ne, an kai shi asibiti nan take, ya rayu.

Can ƙasashen da ke da filayen koyon harbi na musamman, akan sa jami'i guda wanda aikinsa kawai ya tsaya ya sa ido, in ya ce a tsaya kowa ya sauke makami. Wasu filayen a Amurka ma ba sa ba baƙon da ya zo shi kaɗai hayar bindiga, don sun ga masu ƙuncin rai da suka zo suka hallaka kansu da ita. Wato su ma da suka ƙera abin sun gane cewa idon wani a kanka kariya ne. Sarkin bakanmu ke nan suka sa wa kaki.

Akwai kuma abin da Kawu bai fuskanta ba a ƙuruciyarsa. A yau, saurayi shi kaɗai da bindiga a bayan gari da asuba, wa zai shaide shi? In ɓarayi suka gan shi, sun samu makami da wanda za a nemi fansarsa. In jami'an tsaro ko 'yan sintirin wani ƙauye suka gan shi, kafin ya yi bayani mai aukuwa ta auku. Ga doka kuma: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta tanadi lasisi har ga bindigar toka, kuma a 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai a jihar Sakkwato saboda ɗaukar doka a hannu. A 2024 gwamnatin Ahmad Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, kamar yadda Katsina ta yi a 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawa a farkon 2024. Ko mutum na da ƙorafi kan yadda waɗannan rundunoni ke aiki, saƙon a fili yake: mai son riƙe makami ya shiga cikin tsari, a san sunansa, a san shugabansa.

Na san wani zai ce, to mafarautan nan 16 'yan jihar Kano da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyar komawa gida Sallah, ba a tare suke ba? A tare suke, Allah ya jiƙansu, kuma zaluncin da aka yi musu ba shi da wani uzuri. Yawansu bai cece su ba. Amma a lura, waɗanda suka tsira ne suka ba da labari, garinsu da shugabanninsu ne suka fito suka shaide su, har duniya ta san mafarauta ne. Da mutum guda ne aka tare da bindiga a wannan hanya, da an binne shi da sunan ɗan fashi, ba mai ji. Wannan ya nuna ko taron ma yana bukatar rajista da takardar shaida da hukuma ta sani, balle kaɗaici.

Saboda haka shawarata ga samarinmu ita ce: in za ka koyi harbi, nemi babba wanda ya sani, ku tafi ku biyu ko uku, ba gayya ba. A sanar da mai unguwa ko shugaban maharba wurin da lokacin. A kafa abin harbi a gaban tudu ko ganuwar kwari, kada a fuskanci hanya ko gona ko burtali. Mutum guda ke riƙe da ɗurarriyar bindiga, saura na bayansa. Mai shaye-shaye da mai gwajin magani a bar su gida. Dariyar abokai kuwa, ɗana, ba ta taɓa cire wa kowa yatsa ba.

Shi dai yaron namu, Kawu ya karɓe bindigar ya rataye a ɗakinsa, ya ce sai ya nemo lasisi, sannan ya riƙa zuwa duk Juma'a da yamma su fita tare. Ya yi fushi da ni kwana biyu, ko gaisuwa sai a daƙile. Na yarda da fushin. Ranar da zan dawo, mahaifiyarsa ta biyo ni har bakin mota da ƙullin daddawa, ba ta ce komai ba sai "Allah shi saka."

Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya tsare mana 'ya'yanmu a gida da daji, amin. Wassalam.