Kujerar Shugaban Majalisa: Ladan Ƙawance da ke Raba Jam'iyya

Ranar 24 ga watan Nuwamba na shekarar 2014, ƴan majalisa 71 daga cikin 113 suka zaɓi Amadu Salifu ya zama shugaban majalisar dokokin Nijar. Mutumin ɗan MNSD-Nasara ne, amma jam'iyyar tasa ba ita ta tsayar da shi ba, kuma shugabanta Seini Umaru bai sa masa albarka ba, domin ɓangaren Seini yana cikin ƴan adawar da suka ƙaurace wa zaɓen. Ƙuri'un PNDS-Tarayya da na abokan tafiyarta ne suka ɗora shi. Ke nan a rana guda jam'iyyar da ta riƙe mulkin ƙasar nan shekara 10 a ƙarƙashin marigayi Tanja Mamadu ta ga ɗanta bisa kujera ta biyu mafi girma a ƙasa, kuma a wannan ranar ce kowa ya tabbata cewa ta rabu gida biyu.

Masu saurin yanke hukunci sun ce cin amana ne, wasu suka ce kwaɗayin muƙami ne. Ko da akwai gaskiya cikin hakan, zancen bai tsaya nan ba. Tun farkon mulkin jam'iyyu barkatai, shugabannin jam'iyyu ne ke raba kujerar shugaban majalisa tsakaninsu a cikin ɗaki, sa'an nan a kira ƴan majalisa su jefa ƙuri'a bisa abin da aka riga aka gama. Jam'iyyar da ta saba da wannan hanya, ranar da manyanta suka ɓata, ba ta da wurin da za ta zauna ta warware rigimar, sai dai kotu.

Tarihin kujerar ya isa shaida. A 1993, ƙawancen AFC ya yi rabonsa a fili: Mahaman Usman na CDS-Rahama ya zama shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu na PNDS ya zama faraminista, marigayi Mumuni Adamu Jarmakwai na ANDP-Zaman Lafiya ya samu majalisa, alhali jam'iyyarsa kujera 11 gare ta cikin 83. Shi kansa Jarmakwai daga MNSD ya fito, bayan Tanja ya kayar da shi a takarar shugabancin jam'iyyar a 1991. Don tsananin gaggawa, kotun ƙoli ta soke zaɓensa na farko na watan Afrilu, aka sake shi cikin watan Mayu. A 1995, da MNSD da PNDS suka haɗa kai da wasu ƙananan jam'iyyu suka samu kujera 43, Isufu ne ya hau, duk da cewa jam'iyyarsa 12 ta kawo, MNSD kuwa 29. A 1999 Mahaman Usman ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasa, ya mara wa Tanja baya a zagaye na biyu, ya karɓi majalisa cikin watan Disamba. Aka maimaita haka a 2004. A 2011 marigayi Hama Amadu ya zo na uku, ya mara wa Isufu baya, ya karɓi majalisa cikin Afrilu. A 2021 Seini Umaru, wanda shi ma ya zo na uku, ya bi bayan Mohamed Bazum, ya karɓi majalisa cikin Maris, MNSD tana da kujera 13 kacal. Cikin majalisu 7 da aka zaɓa da halartar manyan jam'iyyu duka, sau ɗaya tak, a 2016 da aka zaɓi Useini Tinni na PNDS, jam'iyyar da ta fi yawan kujeru ta buɗe zama da ɗanta a bisa shugabanci.

Abin lura shi ne, cinikin ba ya tsayawa ga kujera ɗaya. Shugaban jam'iyya kan karɓi majalisa, mutanensa su karɓi ministoci, da darektocin kamfanonin gwamnati, da jakadu, da gwamnonin jihohi. Daga wannan rana rayuwar manyan jam'iyyar ta rataya ga zaman lafiyar mutum biyu, shugaban ƙasa da shugaban majalisa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan mutanen nan biyu suka saɓa, wanda ke riƙe da ma'aikata sai ya zaɓa tsakanin jagoran da ya kai shi da shugaban da ke biyan sa, kuma ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, ko ranar ƙulla ƙawancen ko ranar kwance shi.

Haka ta faru cikin watan Agusta na 2013. Shugaba Isufu ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, ya buɗe ƙofa ga ƴan adawa. Hama Amadu ya ga an yi haka ne don a rage masa ƙarfi, ya janye MODEN-Lumana daga ƙawancen, amma wasu ministocin jam'iyyar, har da babban magatakardanta, suka ƙi barin gwamnati. A can MNSD, Seini Umaru ya ce jam'iyya ba ta shiga, babban magatakarda Albade Abuba ya shiga, ya zama ministan ƙasa a fadar shugaban ƙasa, wasu ƴan majalisar jam'iyyar suka bi shi. Cikin ɗan lokaci kaɗan jam'iyya ta biyu da ta uku a majalisa duka suka tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dokar ƙasa kanta ta ƙara wa wutar itace ba da niyya ba. Aya ta 87 ta kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ta tanadi cewa ɗan majalisar da ya fita daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, wanda aka zaɓa tare da shi don maye gurbinsa ya hau; wanda kuwa aka kora, zai ci gaba da zama a matsayin ɗan kansa. An yi wannan tanadi ne don a hana yawon siyasa. Amma sakamakonsa shi ne, wanda ya saɓa da shugaban jam'iyya ba ya fita, sai ya zauna ciki ya yi ta ja, ko dai a kore shi ya tsira da kujerarsa, ko shi ya ƙwace sunan jam'iyyar. Aya ta 89 kuma ta ce ana zaɓen shugaban majalisa na tsawon wa'adin majalisar ne, ba a tsige shi sai da kashi biyu cikin uku na ƴan majalisa, wato 76 cikin 113. Masu rinjaye ba su kai wannan adadi ba. Saboda haka daga Agusta 2013 zuwa Agusta 2014 majalisa ta zauna a hannun babban abokin hamayyar gwamnati, wanda a doka shi ne mai riƙon ƙwarya idan kujerar shugaban ƙasa ta zama babu kowa, kuma farautar ƙuri'un da suka rage ta koma cikin gidajen ƴan adawa. Ba ƙuri'a ce ta raba gardamar ba. A ƙarshen Agusta 2014 Hama Amadu ya bar ƙasa bayan an ba da izinin kama shi bisa zargin safarar jarirai, zargin da ya musanta ya ce siyasa ce; kotun tsarin mulki ta bayyana kujerar babu kowa cikin Nuwamba, sa'an nan aka yi zaɓen Amadu Salifu.

Me MNSD ta samu? Shekara biyu ɓangarorin suka kwashe suna jan juna a gaban alƙalai, kowa na cewa shi ne jam'iyya. A 2015 kotu ta bar wa Seini Umaru sunan, Albade Abuba ya kafa MPR-Jamhuriya. Jam'iyyar da ta ci kujera 47 a 2004 ta dawo da 20 a 2016, sa'an nan 13 a 2020, a shekarar da MPR ta samu 14. Babban abin mamaki kuwa, a 2016 Seini Umaru da kansa ya kai MNSD cikin masu rinjaye, aka naɗa shi babban wakilin shugaban ƙasa. Abin da aka kori mutane dominsa a 2013 shi jam'iyya ta yi bayan shekara uku. Da a ce tun farko an tara wakilan jam'iyya daga Diffa zuwa Tilaberi an jefa ƙuri'ar asiri bisa tambaya ɗaya, a shiga gwamnati ko kada a shiga, da wanda ya faɗi ya san cewa jama'arsa ce ta kayar da shi, ba son zuciyar mutum ɗaya ba.

Ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin Damagaram zai iya cewa wannan rigimar manya ce a Yamai. Kuskure ne. Kafin a rufe ta a 2023, majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗin ƙasa, inda ake yanke lanho da kuɗin duwan da abin da za a ware wa albashi, kuma ita ce ke da ikon kiran minista ta tambaye shi inda kuɗi suka shiga. Majalisar da ta shagala da ƙidayar wa ke bayan wa ba ta da lokacin wannan aiki. Shekarar 1995 ta nuna haka ƙarara. An karya darajar kuɗin sefa da rabi cikin Janairu 1994, kaya suka yi tsada, ma'aikata na bin gwamnati bashin albashin watanni. Cikin wannan hali shugaba Mahaman Usman ya ƙetare Hama Amadu da masu rinjaye suka gabatar, ya naɗa Amadu Sise, wani ɗan MNSD, faraminista. Jam'iyyar ta kore shi, majalisa ta kayar da shi cikin mako biyu. Sauran shekarar ta ƙare cikin zaman doya da manja tsakanin fadar shugaban ƙasa da ofishin faraminista, har ranar 27 ga Janairu 1996 da Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su duka. Rigimar ƴan siyasa ba ta halatta juyin mulki, amma ta sha ba masu bindiga hujjar da za su karanta a rediyo.

Za a ce, ai cikin waɗannan zaɓuɓɓuka 7 babu jam'iyyar da ta taɓa samun rinjaye ita kaɗai, don haka ƙawance dole ne, kuma abokin ƙawance ba ya tafiya hannu banza. Wannan gaskiya ne. Ba laifi ba ne a bar wa ƙaramar jam'iyya shugabancin majalisa, har ma yana iya hana jam'iyya ɗaya tattare komi. Za a kuma ce jam'iyya na da haƙƙi bisa ƴan majalisarta, tun da a jerin sunayenta na jiha aka zaɓe su, da tutarta da kuɗinta. Wannan ma gaskiya ne. Amma haƙƙin na jam'iyya ne, kuma jam'iyya ta fi ƙarfin mutum huɗu ko biyar da ke zama a falon shugabanta. Biyayyar da ake nema daga ɗan majalisa tana da nauyi ne idan an ba shi damar faɗin ra'ayinsa kafin a yanke shawara.

Haka kuma ƙuri'ar cikin gida ba ta magani idan an ƙirƙiro ta ana gobe zaɓe. Maƙwabciya Najeriya ta ba da misali a 2015. Jam'iyyar APC ta ci rinjaye a majalisun tarayya biyu, amma ta bar zancen shugabancinsu har saura kwana uku a buɗe zama, sa'an nan ta yi zaɓen gwaji da ya fitar da Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila. Magoya bayan Bukola Saraki da Yakubu Dogara suka ce ba su yarda da tsarin ba. Ranar 9 ga Yuni, sanatoci da yawa na APC suna jiran wani taro a wani wuri cikin Abuja, waɗanda ke zauren suka zaɓi Saraki da taimakon PDP, ɗan PDP Ike Ekweremadu ya zama mataimakinsa, Dogara kuma ya ci majalisar wakilai da ƙuri'a 182 bisa 174. A 2018 mutanen biyu suka koma PDP. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyaran ba shi da wuyar faɗi. Na farko, kowace jam'iyya ta rubuta cikin dokokinta, tun kafin a san wa zai nema, cewa ƴan majalisarta ne ke zaɓen shugaban rukuninsu da duk wanda za ta tsayar a shugabancin majalisa, da ƙuri'ar asiri, kuma wanda ya shiga takarar ya ɗaure kansa da sakamakon. Na biyu, yarjejeniyar ƙawance kada ta zama takardar aljihu: babban taron jam'iyya ya amince da ita, a buga ta a jarida kafin zagaye na biyu, don mai jefa ƙuri'a ya san abin da aka sayar da sunansa, shiga gwamnati da fita daga cikinta su ma su bi wannan hanya. Na uku, shugaban jam'iyyar da ke neman shugabancin ƙasa ya bar kujerar majalisa ga wani. Isufu da Usman da Hama da Seini duk sun hau ta idonsu na kan fada, shi ya sa kowane shugaban ƙasa ke kallon wanda ke bisanta a matsayin abokin takarar gobe. Na huɗu, doka ta sa wa alƙalai wa'adin watanni kaɗan na yanke rigimar shugabancin jam'iyya, domin shari'ar shekara biyu hukuncin kisa ce ga jam'iyyar da zaɓe ke gabanta.

Sojoji sun rufe majalisar dokoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma ranar 26 ga Maris 2025 Janar Abdurahaman Ciyani ya rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Duk ranar da aka sake buɗe fagen, za a rubuta sabuwar dokar jam'iyyu, za a kuma kafa sababbi, wataƙila da tsofaffin fuskoki. Ƴan kasuwar da za a zo wa neman kuɗin yaƙin zaɓe da ma'aikatan da za a kira su rubuta dokokin jam'iyya suna da damar tambaya tun a ranar farko: a wannan jam'iyya, wa ke zaɓen wanda zai jagoranci ƴan majalisa, kuma a wace aya aka rubuta shi? Jam'iyyar da ba ta da amsa a rubuce, abin da ya samu MNSD a 2014 yana jiran ta.