Ra'ayinmu: Jarumin Wasa da Mazajen Sakaba

A shekarar 1999 wani kamfanin ƙasar Japan mai suna Koei ya fitar da wasan bidiyo da ake kira WinBack, domin na'urar Nintendo 64. Wasan bai yi tashe kamar takwarorinsa ba, amma masu bin harkar suna ambatonsa saboda yana cikin na farko da suka koya wa mai wasa ya raɓe a jikin bango, ya leƙo ya yi harbi, sa'an nan ya koma ya ɓuya. Labarinsa kuwa gajere ne: 'yan ta'adda sun ƙwace cibiyar da ke sarrafa wani makami na kan tauraron ɗan'adam, aka tura ƙaramar runduna, ta watse tun kafin ta isa, nauyin ceto ya faɗa kan mutum guda, Jean-Luc Cougar. In an harbe shi, sai mai wasa ya danna maɓalli, ya tashi garau ya sāke gwadawa.

Ba mu kawo wannan zance don mu hana kowa nishaɗi ba, gama ɗalibin da ya wuni kan littafi yana da haƙƙin hutawa. Abin da ya dame mu shi ne darasin da irin waɗannan wasanni suke cusa mana sannu a hankali, watau wai ta'addanci ciwo ne na ƙarancin jarumai, da zarar an sami namiji mai bindiga da zuciya, magana ta ƙare.

Mutanen ƙasar Zuru sun ga ƙaryar wannan darasi da idonsu. A watan Janairun 2022 Gwamnatin Tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda. Ranar 6 ga Maris na shekarar, 'yan sa-kai suka yi shirin far musu a yankin Sakaba, amma labari ya riga su isa. Waɗanda suka raɓe a ranar ba jarumanmu ba ne, maharan ne: suka ɓoye baburansu cikin daji, suka yi kwanton ɓauna, suka kashe mutum aƙalla 62. Bayan kwana biyu, a Kanya ta Danko-Wasagu, aka auka wa ayarin Mataimakin Gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, sojoji 13 da 'yan sanda 5 suka rasa rayukansu. Babu maɓallin da aka danna wani ya tashi.

Wa zai ce jarumtaka ce ta yi ƙaranci a Sakaba? Abin da ya gaza shi ne riƙon sirri, da tattara labarin abokan gaba, da hanyar kai ɗauki cikin gaggawa, da hukumar da za ta tsare manomi har kada ya zama dole ya ajiye fartanya ya shiga daji. Waɗannan kuwa ayyukan ofis ne, na alƙalami da fayil da kasafin kuɗi, irin waɗanda wasunmu suka riga suka kama, saura kuma suke karatu domin su gāda.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, musamman 'yan'uwanmu na masarautar Zuru, da su fara da abin da ke cikin ikonsu. A je ga dagatai da iyalai, a rubuta sunan kowane mamaci da ƙauyensa, da yawan marayun da ya bari da halin karatunsu, a miƙa wa Ƙaramar Hukumar Sakaba da Gwamnatin Jihar Kabi, a kuma riƙa bin sawu. Abin kunya ne a ce mun iya faɗin sunan jarumin da bai taɓa rayuwa ba, alhali kuwa mazajen da suka ba da rayukansu ba mu san su ba sai da lamba.

Allah ya jiƙansu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.